Daidaita Gudun Harsashi a Bindigar Iska Mai Tukunya

Bindigar iska mai tukunya, wadda masu sana'ar a Turai da Amurka suke taƙaita sunanta da haruffan PCP, ita ce irin wadda ake ɗura wa iska tun kafin a fara harbi, a matse ta a cikin wata tukunya ta ƙarfe ko ta zaren kabon da ke kwance a ƙarƙashin bututun bindigar, sannan kowane harbi ya ɗebi ɗan kaɗan daga wannan ajiya ya ingiza ƙwayar dalma waje. Matsin da ake ɗurawa yakan kai bar 200 zuwa 300, shi kuwa bar ma'aunin matsi ne da ya yi kusan daidai da nauyin iskar sararin sama a gaɓar teku, wato dai tukunyar tana riƙe da abin da ya kai wajen ninki 100 na matsin tayar ƙaramar mota. Da yake babu albarushi a cikinta, babu kuma babban sifirin da zai girgiza ta kamar irin wadda ake karyawa a ɗana, ta zama zaɓin 'yan wasan harbi na Olamfik da masu gasar fili da manoman Turai da ke fama da ɓeraye da zomaye. Sai dai ƙirar tata tana tafe da matsalarta, domin ajiyar da take harbi da ita raguwa take yi da kowane jan kunama, alhali maharbi yana bukatar ƙwaya ta 50 ta fita da gudun da ta farko ta fita da shi.

Wannan matsala ta girmi bindigogin zamani nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 1779 wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera bindigar iska wadda sojojin Ostiriya suka riƙe daga 1780 har zuwa wajen 1815, kuma irinta ce Lewis da Clark suka ɗauka a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka tsakanin 1804 da 1806. Gindin wannan bindiga shi ne tukunyarta, ana cika shi da famfon hannu da bugu kimanin 1,500 don a sami harbi wajen 30, amma ƙarfin harbin yana ja da baya yayin da iskar ke ƙarewa. Da kamfanin Daystate na Ingila ya farfaɗo da tsarin a wajen 1980, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu, an sami ƙarfe mafi inganci da matsi mafi yawa, amma abin da ya dami sojan Ostiriya shi ne har yau yake damun ɗan gasa.

Amfanin daidaiton gudu yana fitowa fili ne idan aka yi ɗan lissafi. Ƙwaya mai kaurin milimita 4.5 da nauyin giram 0.547, wadda ta bar bakin bindiga da gudun mita 240 a sakan, tana ɗaukar kusan rubu'in sakan kafin ta ci mita 50, kuma a wannan ɗan lokaci ƙasa tana janyo ta da kimanin santimita 28, abin da maharbi ya riga ya gyara a madubin saitinsa. Wannan faɗuwa tana bin lokacin tafiya ne a ninke da kansa, saboda haka sauyin kashi 1 cikin 100 a gudu yana haifar da sauyin kashi 2 cikin 100 a faɗuwa, wato kusan milimita 6, idan kuwa gudun ya sauya da mita 10 a sakan, ƙwayar za ta sauka fiye da santimita 2 sama ko ƙasa da inda aka nufa. A gasar fili da ta samo asali a Birtaniya a farkon shekarun 1980, inda ake kayar da surar dabba ta ƙarfe ta hanyar zura ƙwaya a ramin da faɗinsa yakan kasance tsakanin milimita 15 da 40, a nisan da ya kai mita 50, irin wannan kuskure ya isa ya raba mutum da maki. A Olamfik nisan mita 10 ne kacal, gudun kuma wajen mita 175 a sakan, amma ɗigon tsakiyar bara rabin milimita ne, kuma kowane kashi 1 cikin 10 na maki bai wuce rubu'in milimita ba, saboda haka can ma sauyin kashi 1 cikin 100 yana iya cin ɗan guntun makin da ke raba zinariya da azurfa.

Tushen lamarin yana cikin bawul, wato ɗan murfin da ke toshe bakin tukunya, wanda matsin iskar da kansa, tare da taimakon wani ƙaramin sifirin, yake dannewa a rufe. Idan aka ja kunama, wani guntun ƙarfe da ake kira guduma yana kuɓucewa, sifirinsa ya cilla shi ya doki sandar bawul, bawul ya buɗe na 'yan kaso kaɗan cikin 1,000 na sakan, iska ta bi ta wata 'yar kafa zuwa bayan ƙwaya, sannan matsin ya sake mayar da murfin mazauninsa. Abin lura shi ne ƙarfin guduma ɗaya ne a kowane harbi, amma abokin kokawarta yana raunana. Sa'ad da tukunya take cike, matsin yana da ƙarfin hana bawul buɗewa sosai, sai iska kaɗan ta fita amma mai ƙarfi. Da matsin ya ragu, sai guduma ta fi samun galaba, bawul ya ƙara buɗewa ya kuma daɗe, iska mai yawa ta fita amma mai rauni. Daga nan ne ake samun abin da ke ba sabon shiga mamaki, wato gudun yakan fara ƙasa-ƙasa, ya hau a hankali yayin da iska ke raguwa, ya kai ƙololuwa, sannan ya gangaro, ta yadda idan aka zana shi a takarda sai ya fito kamar doron raƙumi. Wanda ya ɗura fiye da abin da aka ƙayyade da zaton zai ƙara ƙarfi yakan sami akasin haka, har ma matsin kan iya kulle bawul ɗin guduma ta kasa motsa shi ko kaɗan.

Hanya mafi arha ta samun daidaito ita ce a zauna a kan wannan doro. Maharbi yana cika tukunya, ya yi ta harbi yana rubuta gudun kowace ƙwaya tare da abin da geji ya nuna, har ya gano tazarar matsin da gudun bai sauya da fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, daga nan kuma ya riƙa ɗura iska zuwa farkon wannan tazara ya tsaya a ƙarshenta. Idan alal misali an ga doron yana tsakanin bar 180 da 120, to babu ribar ɗurawa zuwa 200, domin harbin farko duk za su faɗi ƙasa da saiti. Bindigogi irin su S410 na kamfanin Air Arms da Marauder na Benjamin sun yi suna ba tare da wani ƙarin na'ura ba, kuma wanda ya san doron tasa yana iya kayar da wanda ya kashe kuɗi ninki uku bai san tasa ba.

Hanya ta biyu ita ce ragileta, kuma wanda ya taɓa girki da tukunyar gas ya riga ya san aikinta, domin ita ce ke sa harshen wuta ya tsaya yadda yake ko tukunya cike take ko ta kusa ƙarewa. A bindigar iska ana zaunar da ita tsakanin tukunya da bawul, kuma cikinta akwai ɗan fistan da jerin wasu washa masu siffar faifai da ke aikin sifirin, waɗanda ake kira da sunan Bafaranshen nan Julien Belleville da ya yi musu rajista a 1867. Washan suna tura fistan ɗin ya bar hanya a buɗe, iska ta wuce zuwa wani ɗan ɗaki da ke gaban bawul, wanda za a iya kira zauren iska, kuma da zarar matsin zauren ya kai adadin da aka saita, sai ya rinjayi washan ya danna fistan a kan mazauninsa na roba mai tauri, hanya ta rufe. Ta haka bawul yake ganin matsi ɗaya a kowane harbi, ko tukunya tana bar 250 ko 150, muddin ba ta sauka ƙasa da adadin da aka saita ba. Bindigogin Olamfik na Feinwerkbau da Walther da Steyr duk suna da ita, kamfanin FX na Suwidin ya mayar da ita abin da mai bindiga zai iya murɗawa daga waje, Huma-Air na Holan kuma yana ƙera wadda ake dasa wa bindigar da ba ta zo da ita ba.

Duk da haka, ana yawan ɗora wa ragileta abin da ya fi ƙarfinta. Laifinta da aka fi sani shi ne rarrafe, wato idan mazaunin fistan bai toshe sarai ba, iska takan ci gaba da silalewa cikin zaure bayan an ajiye bindiga, matsin ya hau da 'yan bar a cikin sa'o'i, harbin farko na washegari ya fita da gudu dabam da na sauran. Shi ya sa 'yan gasa da yawa suke zubar da harbi ɗaya ko biyu kafin su fara na ƙidaya, kuma sabuwar ragileta takan bukaci harbi masu yawa kafin fistan ya zauna daram a mazauninsa. Tana kuma bukatar 'yan sakan don ta cika zaure bayan kowane harbi, saboda haka mai saurin hannu yana iya riga ta. Girman zauren ma yana da tasiri, domin idan ya yi ƙanƙanta matsin cikinsa yana faɗuwa tun ƙwaya ba ta yi nisa a bututu ba, dole a ɗaga saitin ragileta don a cike giɓin, kuma masu gyara sukan ɗauki kimanin mililita 1 na fili ga kowane jul 1.4 na ƙarfin harbi a matsayin ma'aunin farawa. Ga kuma ƙarin zobban roba da ta kawo, waɗanda kowannensu wuri ne da iska ka iya yoyo, ta yadda wanda ya dasa ta bai iya kula da ita ba sai ya zama ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wurin da gizo ke saƙar shi ne jituwa tsakanin matsin ragileta da ƙarfin sifirin guduma, kuma nan ne mafi yawan bindigogin da ake kuka da su suke samun matsala. Idan aka tsayar da ragileta a matsi ɗaya aka riƙa ƙara wa sifirin ƙarfi kaɗan-kaɗan, gudun ƙwaya zai yi ta hawa har ya isa inda ƙarin ƙarfi ba ya ƙara komai, domin bawul ya riga ya zauna a buɗe har ƙwaya ta fice, sauran iskar da ke biyo baya asara ce da ƙara kawai, wani lokaci ma takan bugi ƙwayar a bakin bututu ta karkatar da ita. Idan kuma aka sassauta sifirin ya yi ƙasa sosai, bawul ɗin yana zama mai saurin jin kowane ɗan sauyi, ta yadda ƙaramin bambanci a bugun guduma ko ɗan rarrafen ragileta zai bayyana nan take a gudu. Masu gyara suna neman tsakanin waɗannan biyun, inda layin hawan ya fara lanƙwasa, wanda suke kira gwiwa, kuma galibi tana wajen kashi 95 zuwa 97 cikin 100 na ƙololuwar gudun. Hikimar wurin ita ce kurakurai biyu suna cinye juna a can: idan matsi ya ɗan hau, turin da ƙwaya ke samu yana ƙaruwa amma buɗewar bawul tana raguwa, idan ya ɗan sauka sai akasin haka ya faru, gudun kuma ya tsaya kusan inda yake. Wato dai an ɗora bindiga mai ragileta a kan wancan doron raƙumi da ake nema a bindiga marar ragileta, sannan aka hana ta sauka daga kai. Akwai ma alamar da ke nuna ko an dace, domin idan tukunya ta sauka ƙasa da saitin ragileta aka ga gudu ya yi tsalle sama, sifirin ya yi rauni ga wannan matsi. Idan ya faɗi nan take, ya yi ƙarfi. Idan kuwa ya ɗan ci gaba yadda yake na wasu harbi kafin ya gangara, an zauna a gwiwa. Wanda ke son ƙarin gudu ko raguwarsa, abin da ya kamata ya taɓa shi ne ragileta, sannan ya sake neman gwiwa da sifirin, domin juya ɗaya a bar ɗaya shi ne ke ɓata aikin.

Ita kanta gudumar dole ta zame iri ɗaya kullum, shi ya sa ake goge ta da ramin da take bi har su yi santsi, a bar su a bushe ko da ɗan abin shafawa marar danƙo, tun da giris mai kauri yana daskarewa da sanyi ya saki da zafi ya kuma tara ƙura. Tana da wata ɗabi'a kuma, wato bawul idan ya rufe da ƙarfi yakan tunkuɗe ta baya, sifirin ya sake dawo da ita ta buɗe shi karo na biyu ko na uku bayan ƙwaya ta tafi, iska ta zube a banza, kuma maganin da aka saba shi ne a tsara sifirin ta yadda zai saki gudumar ta yi ɗan gudu ita kaɗai kafin ta doki bawul. Daystate ya bi wata hanya tun farkon shekarun 2000, ya maye gurbin sifirin da maganaɗisun lantarki mai aiki da batir, daga baya kuma ya ƙara na'urar da ke auna matsin tukunya ta daidaita ƙarfin bugun da kanta a kowane harbi.

Bayan an gama da iska, saura ƙwaya. Ƙwayar da aka fi amfani da ita tana da kai da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi mai kama da siket, wanda iska ke buɗawa ya toshe bututu, kuma siket ɗin da ya lotse a gwangwani ko a wurin ɗurawa yana barin iska ta wuce ta gefe. Kamfanoni irin su JSB na Jamhuriyar Cek da H&N na Jamus suna rubuta kaurin kai a gwangwani, 4.50 ko 4.51 ko 4.52, domin kashi 1 cikin 100 na milimita yana sauya yadda ƙwaya ke kama bututu. Bambancin kashi 1 cikin 100 a nauyi yana jawo kusan rabin haka a gudu, shi ya sa 'yan gasa suke auna ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a kan sikeli su kasa su kashi-kashi, 'yan Olamfik kuma sukan kai bindigarsu masana'anta a gwada mata zubi daban-daban, su sayi mai yawa daga wanda ya fi dacewa da bututunta. Wanke ƙwaya da shafa mata mai kuwa abu ne da masu yi suke rantsuwa da shi, wasu kuma ba su ga amfaninsa ba, kuma ya danganta ga bututu. Bututun da aka share tas yakan bukaci wasu harbi kafin dalma ta sake shafe cikinsa gudu ya natsu, zoben robar da ke toshe bayan ƙwaya kuma idan ya tsufa shi kaɗai ya isa ya rikita komai, kuma shi ne ya kamata a fara dubawa kafin a kwance ragileta.

Zafi da sanyi ma suna da ta cewa. Iskar da aka kulle a tukunya matsinta yana bin zafinta, saboda haka tukunyar da aka cika zuwa bar 200 a digiri 20 za ta kai wajen bar 214 idan ta sha rana ta kai digiri 40, kuma wannan ya isa ya sauke bindiga marar ragileta daga doronta. Ko mai ragileta ma gudunta yakan ɗan hau da zafi ya sauka da sanyi, saboda haka gyaran da aka yi a sanyin Ingila ba lallai ya tsaya ba a ƙasar da asubahin hunturu da azahar ɗin bazara suke da nisa sosai. Ɗurawa da gaggawa tana zafafa iskar, geji ya nuna an cika, bayan ta huce a tarar matsin ya ragu, don haka ake ɗurawa a hankali a kuma ƙara bayan ɗan lokaci. Iskar dole ta kasance busasshiya, irin wadda masu ninƙaya a ƙarƙashin teku ke shaƙa, domin danshin da famfon hannu ko kwamfaresa marar matata ke turawa yana cin tukunya da tsatsa daga ciki. Ba a taɓa ɗura iskar oksijin zalla, ba a kuma kusantar da man fetur ko dangoginsa ga sassan matsi, domin haɗuwarsu da irin wannan matsi tana iya tarwatsa bindigar a hannun mai ita. Giris ɗin silikon kawai ake shafa wa zobban roba.

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan na'urar auna gudu, wadda ko dai take da idanu biyu na haske da ke lissafa lokacin da ƙwaya ta ɗauka tsakaninsu, ko kuma take aiki da rada. Adadi biyu ake dubawa: rata, wato bambancin harbi mafi gudu da mafi nawa, da kuma matsakaicin kaucewa, wanda ke nuna yadda dukan harbin suka taru a kusa da tsakiyarsu. Rata ita ce aka fi taƙama da ita, amma ita ce mafi yaudara, domin harbi biyu kaɗai take kallo, kuma tana faɗaɗa duk lokacin da aka ƙara yawan harbi, saboda haka ratar harbi 5 ba ta shaida komai game da tukunya guda. Mai idanun haske kuma fitilar da ke ƙiftawa tana ruɗa ta, haka ma sauyin nisanta daga bakin bindiga. A Ingila da Wales wannan na'ura ta wuce kayan sha'awa, domin doka ta tsayar da ƙarfin bindigar iskar da ba ta bukatar lasisin makami a jul 16.27, kuma waccan ƙwaya mai giram 0.547 tana ba da jul 15.75 a gudun mita 240, amma ta tsallake iyaka a 244, wato mita 4 a sakan ne tsakanin mutum da laifi. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, ana kuma buga wa irin waɗannan bindigogi harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar.

Akwai kuma iyakar da daidaiton gudu yake tsayawa, wadda masu yini a gaban na'ura sukan manta da ita. Bututu yana rawa a lokacin harbi, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da ƙwaya ta fita yana iya sa gudun da ya fi kyau a takarda ya ba da tarin ramuka mafi warwatsewa a bara, shi ya sa ƙwararru bayan sun sami gwiwa suke ɗan matsawa sama ko ƙasa suna duban abin da bara ta nuna. Ƙwaya mai siket tana rasa natsuwa idan ta kusanci gudun sauti, wanda yake mita 343 a sakan a digiri 20, don haka ake riƙe ta ƙasa da shi sosai ko da bindigar tana da ƙarfin wuce haka. A mita 50, rage rata daga mita 3 a sakan zuwa 1.5 yana ceto abin da bai kai milimita 4 ba, alhali iskar gari mai kaɗawa daga gefe da gudun mita 2 kacal a sakan, wadda da kyar take motsa ganye, tana kautar da waccan ƙwaya da kimanin santimita 6.